Tuwon Ranar Hutu

Abba ne da bakinsa ya ce ranar Laraba ba inda za mu je. Ya faɗi haka muna cikin mota, a hanyar dawowa daga wurin wasan ruwa, ƙannena biyu sun yi barci a jikin Umma. "Gobe hutu," in ji shi. "Kowa ya miƙe ƙafarsa." Na dubi Umma. Na ga ta lumshe ido kamar wadda aka miƙa wa ruwan randa da tsakar rana.

Zuwanmu Alƙahira na farko ke nan mu duka, a dogon hutun makaranta, lokacin da zafin garin ke sauka a kan mutum kamar bargo. Mun kama gida a unguwar Ma'adi, a wani layi mai bishiyoyi da maguna masu ƙiba. Tun da muka sauka kullum muna hanyar wuraren wasa: yau lilon da ke kai mutum sama ya juya shi, gobe jirgin nan mai gangarowa da gudu ana ihu, jibi ruwa. Abba yana son ya ga 'ya'yansa suna dariya, ba zan hana masa wannan yabon ba. Amma kowane wurin wasa yana da benci a bakin ƙofa, kuma a kan bencin nan Umma ta yi nata yawon buɗe idon. Jakunkuna a cinyarta, takalman yara a gefenta, gorar ruwa, hular Abba, wayar Abba. Ita ce ɗakin ajiyarmu. Da yamma ƙafafunta sukan kumbura har igiyar takalmi ta bar musu zane.

Don haka da na ji kalmar hutu, sai na ɗauke ta na ba Umma a zuciyata. Na tsara mata ranar kamar yadda ake tsara lefe. Za ta yi barci har azahar, ni zan ji da yara. In an yi la'asar in kama hannunta mu taka zuwa bakin Nilu, mu shiga ɗaya daga cikin jiragen nan na katako masu farin ƙyalle da iska ke turawa, waɗanda suke kira feluka. Ina so in ga fuskarta babu jaka a cinyarta. Na gaya mata, ta yi murmushi ta ce, "Ke da mafarkinki. Allah ya kai mu."

Ashe akwai abin da na manta da shi, yana kwance a ƙasan gado cikin akwati.

Duk wanda ya taɓa tafiya daga unguwa irin tamu ya san saƙo. Ana jin za ku Masar, sai a fara sallama a ƙofar gida. Wannan ɗanta yana karatu a can, waccan ɗan mijinta, wancan ƙanen amininsa. Kilishi, yaji, dambun nama, garin kunu, kowace leda an ɗaure ta tamau an rubuta sunan mai ita. Ba a cewa a'a. Umma sai da ta cire atamfofinta daga akwati don saƙon mutane ya samu wuri. Kuma saƙo ba ya kai kansa, sai mai shi ya zo.

Da muka shiga gida a yammacin nan Abba ya kira ɗan maƙwabciyarmu, wanda ke karatun addini a garin. Ina wanke wa auta ƙafa na ji yana cewa, "Gobe muna gida, ba mu da fita. Ka zo ka karɓi saƙonka, ka gaya wa sauran." Har nan ban damu ba. Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Hajiya ma ta zo da kuka da daddawa."

Da wannan maganar ya yanka ranar, tun ba ta waye ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba mai gadin gidan ya buga ƙofa ya ce muna da baƙi. Ɗan maƙwabciyarmu ne, da farar jallabiya da ƙamshin turare, bayansa abokai. Daga can unguwar Arba wa Nus suka taso, sun sha mota sun sha jirgin ƙasa, gumi ya jiƙa musu wuya. Suka zube suna gaida Abba. Umma, da ko awa ɗaya ba ta ƙara a kan barcinta na kullum ba, ta fito da hijabi.

"Umma, ma'alesh, yi haƙuri, mun tashe ki," in ji ɗan maƙwabciyarmu.

"Haba, ai gida kuka zo. Ya karatu? Kai, ka rame! Ba ka cin abinci ne?"

"Wane abinci, Umma? Wake da safe, wake da rana. Wallahi ko mafarki na yi wake nake gani. Wannan da kike gani," ya nuna abokinsa, "jiya da ya ji an ce kuka, bai yi muraja'a ba, ko littafi bai buɗe ba, kwana ya yi yana lissafin malmala."

"Ƙarya yake, Hajiya! Shi ne ya ƙi karyawa don ya bar wuri."

Aka kwashe da dariya. Abba ya fi kowa jin daɗi, har yana buga cinya. Ya juya ya ce, "Hajiya, kin ji fa. A taimaki bayin Allah."

A taimaka. Kamar ruwa za a ɗebo a tulu.

Na bi Umma ɗaki ina shirin ce mata mu ba su shayi da burodi su kama hanya. Sai na tarar ta durƙusa gaban akwatinta, ta ɗaga kayan sawa, ta zaro muciya da maburgi daga ƙasa. Na tsaya ina kallonta. Tun daga gida ta sani. Ta bar atamfarta, ta ɗauko muciya. Ban san me ya fi ƙona min rai ba: Abba da ya ba da ranarta kyauta ba tare da ya tambaye ta ba, ko ita da ta riga ta shirya wa hakan tun ba a nema ba.

"Umma, yau fa hutu ne."

"Ɗora ruwa," ta ce. "Baƙonka annabinka."

Kicin ɗin gidan ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa wucewa sai da kafaɗa. Tagarsa ba ta kallon titi, tana kallon wani rami ne tsakanin gine-gine inda bututun ruwa da warin soyayyar maƙwabta ke haɗuwa. Tukwanen masu gidan marasa kauri ne, na dafa taliya, ba a yi su don tuwo ba. Na riƙe tukunya da tsumma, Umma tana tuƙi, gindin yana kamawa, tururi yana dukan fuskarta. Tana tsaye a kan ƙafafun nan da suka kumbura, ba takalmi, tana sauya nauyinta daga wannan zuwa waccan kamar mai tsayuwa a kan garwashi.

Kuma ƙofa ba ta daina bugawa ba. Wanda aka gaya wa ya gaya wa wani. Masu saƙo suka zo, waɗanda ba su da saƙo suka rako su. Har da wani ɗan kasuwa mutumin Nijar daga unguwar Ard al-Liwa, wanda babu wanda ya san shi a cikinmu, ya ce ya ji an ce mutanen gida sun zo. Takalma suka cika bakin ƙofa har kan matakala. Tukunyar farko ta tafi falo ta dawo kamar an wanke ta. Muka ɗora ta biyu.

A falo na'urar sanyi tana aiki. Duk lokacin da na shiga da tire sai sanyin ya mare ni, in ji kamar na tsallaka wata ƙasa. Abba ya kishingiɗa a kujera, ya cire hula, ya miƙe ƙafarsa kamar yadda ya yi alkawari. Ɗaliban suna muhawara da Larabci mai daɗin ji a kan ladan karrama baƙo, kowa yana jawo hujjarsa, hannunsa dumu-dumu da miya. Ba mugaye ba ne, wannan ne ya fi ba ni haushi. Yara ne masu kewar uwayensu. Ɗaya ma da ya kai loma ta farko sai da idonsa ya kawo ruwa. Amma ko ɗaya a cikinsu bai tambaya ba: wannan ladan, da ƙafar wa ake tsaye ana nemo shi? "Allah ya saka wa Alhaji da alheri," suke ta cewa. Alhaji.

Ni ba mai faɗa ba ce. A gida ana yi min tsiya cewa ko kaza ta taka ni haƙuri zan ba ta. In raina ya ɓaci nakan shiga ɗaki in yi shiru har ya wuce. A ranar babu ɗakin shiga, yara sun cika shi da kallon talabijin, kuma fushin ya ƙi wucewa, da shi na ci gaba da ɗaukar tire.

Aka kira la'asar. Maza suka yi sahu a falo. Na koma kicin na tarar Umma ta zauna a kan bokitin da ta kifa, ta jingina kanta da bango, kwanuka sun taru a gabanta kamar tsauni. Ko loma ba ta kai ba. Abin da ya rage ƙanzo ne, shi take ɓantara tana ci da sauran miyar da ta kankare a gindin tukunya. Hasken da ke saukowa ta ramin tagar ya fara yin ja. Na san a can bakin kogi yanzu ne iska ke tasowa.

"Mamana!" Abba ke nan, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. "A kawo shayi!"

Ban kai shayin ba. Na tsaya a lungun da ke tsakanin kicin da falo na ce ina son magana da shi. Ya taso yana murmushi.

"Abba, ka ce yau hutu ne."

"Ƙwarai kuwa. Ga shi muna hutawa."

"Wa ya huta?"

Ya dube ni, kuma wallahi ba wasa yake ba, bai gane ba. "Ai ba mu fita ko'ina ba," ya ce.

"Umma tun safe take tsaye. Ka ga ƙafarta? Ka tambaye ta kafin ka ce su zo su ci? A gida ita ce a kicin, mun hau jirgi mun ƙetare hamada, nan ma ita ce a kicin. Da ka bar ta a gida, aƙalla tukunyarta tana da kauri."

Hawaye yana zubo min, abin da na tsana ke nan, in ina fushi sai ya zama kamar roƙo nake. Murmushin Abba ya ɗauke. Kafin ya yi magana Umma ta fito ta damƙi hannuna.

"Rufe min baki. Mahaifinki kike gaya wa haka, da baƙi a gida? Alhaji, yi haƙuri, zafi ne ya taɓa ta." Ta ja ni ciki, ta ɗora butar shayi da hannunta. Ni ce na kai tiren, idona a ƙasa. Ɗan maƙwabciyarmu ya ce, "Tamam, madalla, Allah ya ba da miji nagari," aka yi dariya. Da ina da ƙarfin hali da na juye masa shi a jallabiya.

Sai bayan magariba suka watse, kowa da ledarsa. Ni da Umma muka yi wanke-wanke. Abba bai kula ni ba, ni ma ban nemi ya kula ni ba.

Washegari Abba ya fito da shirinsa, yara suna tsalle. "Yalla, mu tafi, mota tana jira." Umma tana zaune a bakin gado, ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi.

"Alhaji, ku je. Yau ba inda za ni."

"To wa zai riƙe mana kaya?"

"Allah ya ba ka hannu biyu," in ji ta, a hankali, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba sai ranar. Ya dubi robar, ya dubi ƙafafun. Sannan ya rataya jakar yara a kafaɗarsa, ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, "Ki zauna da ita." Suka fita.

Umma ta kwanta. Barci ta yi irin wanda ban san tana da shi ba, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya zubo daga gado. Ta tashi ta yi azahar ta koma. Na zauna a ƙasa kusa da ita ina jin numfashinta. La'asar ta yi, na tuna kogi, na kai hannu zan taɓa ta, na fasa.

A lokacin aka buga ƙofa. Na yi sauri kafin a sake bugawa. Wani ɗalibi ne, dogo, da jakar littattafai, gumi yana bin goshinsa. Ya ce jiya yana da jarrabawa bai samu zuwa ba, an ce akwai saƙonsa. Yana magana yana leƙa bayana, yana shaƙar iska, ko da sauran ɗumame.

Na ce ya jira. Na ɗauko ledarsa, ita kaɗai ta rage a akwatin, na miƙa masa daga bakin ƙofa.

"Hajiya tana ciki? In gaishe ta."

"Tana barci."

Ya tsaya yana jiran kalmar da duk 'yar gidan mutunci za ta faɗa a nan. Na san ta, tana kan harshena, da ita aka raine ni. Ban ce ya shigo ba. Ko ruwa ban ba shi ba.

"Za ta ji," na ce. Na tura ƙofar a hankali, na riƙe mariƙin har ta rufu ba ƙara.