Ranar da Muka Kai wa Kwaleji Goro

A gidan da na tashi a Zariya, idan aka miƙo wa yaro nama a gidan mutane, cewa yake ya ƙoshi, ko da cikinsa na ƙugi. Sai an sake tayi, an haɗa da rantsuwa, sannan ya miƙa hannu biyu kai a sunkuye. Haka aka rene ni, haka na reni 'ya'yana uku a nan ƙasar waje, a garin Laurel, kuma har gobe ban ga aibun abin ba. Babbarsu ce ta fi ɗaukar karatun. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta. Ƙannenta na ce mata Yaya, ni ma sai na fake a nan.

Yaya mayyar ruwa ce. Tun shigarta babbar sakandare ta bi wata ƙungiyar ɗalibai da ke zuwa bakin kogin Patuxent ranar Asabar, su ɗebi ruwa a kwalabe su auna dauɗarsa da ƙwayoyin cutar da ke ciki. Kwalaben nan a firjina suke sauka, gefen zoɓona. Na yi faɗan har na gaji. Wata rana babanta ya dawo aiki da ƙishirwa, saura ƙiris ya kwankwaɗi kogi, daga ranar muka bar mata layin ƙasa na firjin gaba ɗaya.

A shekararta ta ƙarshe ta gano wata ƙaramar kwaleji a wata jiha can arewa da mu, tafiyar rabin yini a mota. A gaɓar kogi aka gina ta, kuma tun shekarar farko ɗalibai ke shiga kwalekwale da malamansu. Yaya ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana so ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Hoton gadar makarantar ne a kan wayarta, kuma ko sunan jihar aka ambata a talabijin sai ta ɗago kai.

Malamar da ke ba su shawara kan shiga jami'a ta kira mu, ni da babanta. Ta ce sakamakon yarinya ya yi kyau, amma irin waɗannan ƙananan makarantu suna duba wanda yake son su da gaske: wa ya zo ziyara, wa ya yi tambaya, wa ya nemi a gana da shi. Ba sa son su ba mutum kujera ya ƙi zuwa. Na ce a raina, ashe su ma suna jin zafin a ƙi tayinsu.

Muna shiga mota babanta ya yi dariya ya ce, "Ai wannan namu ne. Na-gani-ina-so ke nan."

Ni ma haka na ɗauke shi. A wurinmu mai so ba ya faɗa da bakinsa, babba ake turawa. Kuma muna da babban: wani dattijo a Manassas, aminin yayan maigidana, da yara ke kira Kawu. Duk auren da aka ɗaura tsakanin mutanenmu daga Baltimore zuwa Virginia, shi ke shiga gaba. Muna gaya masa ya ce a saka rana.

Na kwana biyu ina dambun nama. Na sayo goro a shagon kayan gida, manya farare, na naɗe a ganye. Yaya ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona, ta ce da Turanci, don da shi take amsa mana, "Mama, ba haka ake yi ba."

Na ce, "Yaushe kika taɓa nema, da za ki san yadda ake yi?"

Ta yi shiru ta wuce. Shirun nan kuwa ni na koya mata shi.

Ranar Asabar muka isa kwalejin. Sauran iyaye duk wando da takalmin gudu, Kawu kuwa babbar riga ce mai aska takwas, ƙamshin turarensa ya riga mu shiga zauren. Bayan an zagaya da mu, jami'ar da ke kula da ɗaliban yankinmu ta karɓe mu a ofishinta. Matashiya ce mai fara'a, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Kawu ya gyara zama, ya ajiye goro da dambu a kan tebur, ya fara. Allah ya ba shi baki. Cikin Turanci mai tsabta ya yi bayanin gidan da yarinya ta fito, da tarbiyyarta, da cewa mun ga makarantarsu mun yaba, mun zo da mutunci muna neman a ba mu wuri. Wallahi da 'ya suke da ita da a ranar sun ba mu.

Matar ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta ce za ta raba dambun da abokan aikinta. Sannan ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Yaya.

"Ke fa? Me ya kawo ki nan?"

Yaya ta dubi takalminta. Ga babanta, ga Kawu, ga ni. Wace 'yar kirki ce za ta zauna gaban manya uku tana lissafa abin da ranta ke so? Ta ce a hankali, "Wurin yana da kyau."

Matar ta jira ƙari. Ƙari bai zo ba. Ni kuwa a lokacin har daɗi na ji, na ce yau Bature ya ga tarbiyya. A hanyar dawowa Kawu ya ce an gama, sai dai a jira ranar ɗaurin aure.

A watan Disamba amsa ta zo. Ba su ƙi ba, ba su karɓa ba, sun ɗage maganarta zuwa bazara. Yaya ta karanta a tsaye, ta ce, "Ba komai," ta hau sama. Washegari na buɗe firji na tarar ta kwashe kwalaben nan duka ta zubar. Layin ƙasa fayau. Na daɗe ina roƙon wannan fili, amma da na same shi sai na rufe firjin na zauna.

A asibitin da nake aikin jinya na san wannan matsalar tun tuni. Mutanenmu in sun kwanta, likita ya tambaye su ciwo, sai su ce da sauƙi, shi kuma ya rubuta da sauƙi ya wuce. Ni ke bin bayansa ina cewa kada ka yarda, dubi yadda ta riƙe zanin gado. A gida akwai mai karanta shiru, uwa ko inna ko maƙwabciya, shi ya sa shirun ke da daraja. Matar kwalejin nan ba ta taɓa buɗe firjina ba. Abin da ta ji kawai shi ne wurin yana da kyau, kuma duk wanda ya tsaya shan mai a garin zai iya faɗin haka.

Malamar shawara ta ce akwai sauran dama. Jami'ar nan da ta karɓe mu a kwalejin za ta zo yankinmu a watan Janairu, tana ganawa da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya a wani shagon shayi kusa da tashar jirgin ƙasa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ƙara da cewa, "Ita kaɗai." Na ce na ji. Da Kawu ya samu labari bai yi fushi ba, cewa ya yi, "To, zuwa da kai ya fi saƙo."

Ni na kai ta. Sanyi ake kamar a yanka kunne. Na tsaya da mota a gaban shagon, ba ta buɗe ƙofa ba.

Ta ce, "Mama, yaya ake faɗa ba tare da mutum ya zama mai kwaɗayi ba?"

Na ce, "Ki faɗi gaskiya kawai."

"To ke fara. Faɗi abu ɗaya da kike so. Ban taɓa jin kin faɗa ba."

Na so in ce ina son Aljanna in huta. Amma ta kafe ni da ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Na riƙe sitiyari, na ji maganar na hawowa tun kafin in yi mata izini.

Na ce, "Ina so ki zauna kusa da ni. Ga jami'a nan a bayan gida, ki dinga dawowa kina cin tuwo. Ranar da suka ɗage maganarki na ji tausayinki, kuma na ji daɗi. Ga shi nan, kin ji."

Kunya ta rufe ni har wuya. Na ɗauka za ta yi fushi. Sai ta yi wata 'yar dariya, idonta cike da hawaye, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Kin faɗa, kuma ba ki mutu ba."

Na ce, "Fita ki ba ni wuri, marar kunya."

Ta tagar shagon nake hango su. Da farko kanta a ƙasa yake, na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Can sai na ga ta ɗago. Hannuwanta suka fara tashi, tana kwatanta wani abu mai tsawo, tana zana kogi a kan tebur da yatsa. Matar ta ajiye biro tana dariya. Shayinsu ya huce ba wadda ta taɓa. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na san irin maganar, ita take yi wa ƙannenta idan ta ɗauka ba na kusa. Daga baya na tambayi Yaya me ta ce, ta ce ta ba ta labarin ranar da Baba ya kusa shan Patuxent, sannan ta gaya mata cewa in sun ba ta wuri za ta zo, don nan take so fiye da ko'ina.

A ƙarshen Maris suka ɗauke ta. Kawu har yau yana cewa goron ne ya yi aiki, ban taɓa musa masa ba. Ƙananan kuwa ban fasa koya musu cewa sun ƙoshi a gidan mutane ba, sai dai yanzu ina ƙara musu da cewa akwai ƙofar da ba ta buɗewa sai ka ce kana son shiga.

A hutun farko da ta dawo ta zo da kwalba ɗaya ta ruwan sabon koginta, ta saka a layin ƙasa, ta manta da ita ta koma. Tana nan gefen zoɓo, na hana kowa taɓawa. Ranar shagon shayin nan mu biyu muka faɗi abin da muke so a fili. Nata aka karɓa, kuma ni na kai ta.