Alhusaini da Wutar da Ba a Gani

Shekara ashirin da biyu Alhusaini ya yi a tashar duba yanayi ta Tawa, aikinsa guda ɗaya ne. Yana haɗa wata iska marar nauyi da ake kira idirojan, ya ɗura ta a balan-balan, ya sake ta sama, masu ilimi su bi ta da madubin hangen nesa su rubuta inda iska ta nufa. Bai yi nisa a karatun lakwal ba, amma duk tashar babu wanda ya san halin iskar nan kamarsa. Ya san tana cin wuta, kuma da rana harshen wutar ba ya ganuwa.

Matarsa Habi kuwa hayaƙi ya gama da idanunta. Shekarun samun itacen girki sun wuce, sai kara da kashin shanu, su kuwa hayaƙinsu ba ya jin magana. Likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ta ci gaba da zama bakin murhu, za ta makance.

A lokacin ne, bayan Taron Ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin soja, sa'ad da kowa ya samu bakin magana, Alhusaini ya ji a rediyo cewa a ƙasashen Turawa gwamnatoci na zuba kuɗi don a mai da wannan iska makamashi. Wato iskarsa ce ake wa wannan gata! Ya sa aka rubuta masa takarda zuwa wani ofishi a Yamai yana neman tallafi. Gwamnati ta canza, ya sake wata. Ta kuma canzawa, ya rubuta ta uku. Har yau ana kan duba su, in ji masu dubawa.

Da ya gaji da jira, sai ya nemi soda wurin masu sabulu, da guntayen alminiyum wurin masu ƙera tukwane, don da su ake haɗa iskar. Wata huɗu yana fama a bayan gida, girarsa ta ƙone sau biyu, har ya iya tara iskar a robar cikin tayar babbar mota, ya ja mata tiyo zuwa murhu. Ran da tuwo ya dahu ba tare da Habi ta zubar da hawaye ba, shi ne ya zubar.

Kwana biyar da fara haka, sai suka wayi gari da ƙwaryar gero a bakin ƙofa. Washegari ma haka. A unguwar, gidan da ba a ga hayaƙi ya tashi ba, an san babu abin dafawa a ciki, kuma ba a tambaya, sai dai a ajiye abin da ya samu a juya. Safi ce, maƙwabciyarsu, gwauruwa mai ƴaƴa shida da rumbun da ya kusa ganin ƙasa.

Habi ta kira ta, ta nuna mata tukunya a kan murhu.

"Yaya Safi, ki diba, dahuwa nika yi. Wuta na nan, ganinta na ba a yi."

Safi ta dubi gindin tukunyar, ba itace, ba toka, ba ja. Ta sunkuyar da kai don kada ta kunyata ta.

"Na gani, ƙanwata," ta ce a hankali. "Allah shi ruhwa muna asiri."

Da safe ƙwaryar ta dawo, ta ma fi ta jiya cika. Mayar da ita cin fuska ne, karɓa kuwa cire lomar marayu ne. Habi ta ce gara ta koma wa girki da kara, idon ya tafi in zai tafi. Wannan magana ta yi wa Alhusaini zafi ƙwarai.

Tun daga ranar, kowace safiya yakan tura Habi ɗaki ta rufe ƙofa. Ya tara kashin shanu a gindin katanga, ta wajen gidan Safi, ya cinna masa wuta, ya durƙusa yana hurawa har hayaƙi ya tashi sosai. Ƙwaryar ba ta sake zuwa ba.

Shekara shida ya yi yana haka. A ƙarshe idanunsa ne suka yi ja, suna ruwa, har zura zaren ɗaure bakin balan-balan a allura ya fara gagararsa. Habi ce ke zura masa shi kafin ya fita aiki.