Dubiyar Gingimarin Jelani

Yayana Maitama bakanike ne, kuma duk faɗin Kaura Namoda babu wanda zai rantse ya taɓa jin ya ce wani inji ya mutu. Ni ƙanwarsa ce, Zulai, ciki ɗaya, saboda haka zan faɗi abin da wasu ke jin nauyin faɗa. Keken ɗinkin da aka kawo ni ɗakin miji da shi na kai masa don yana tsinka zare. 'Yar da na goya ranar yanzu tana da 'ya'ya a makaranta, keken kuwa yana nan a garejinsa, kaza na ƙwai a ƙarƙashinsa. Duk sallar da na je gaishe shi sai na tambaya, shi kuma ya dubi keken da tausayi ya ce, "Da sauƙi, Zulai. Gobe in sha Allahu shina tashi."

A Zurmi aka haife mu. Babanmu ya so ya riƙe fartanya kamar kowa, amma Yaya tun yana ƙarami ya kwance rediyon liman don ya ga inda mai labarai ke zama. Sai aka tattara shi aka kai shi Kaura koyon kanikanci, can kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Hannu kam Allah ya ba shi. Abin da zai gyaru, kafin ka gama shan shayi ya gyara maka. Cutarsa ɗaya ce: ba ya iya duban idon mutum ya ce masa abin nan naka ya ƙare. Sai ya ce a bar shi ya kwana.

To, da kwana da kwana fili ya cika. Akwai tarakta, akwai a-kori-kura marasa ƙafa, da injin ban-ruwa da aka kawo daga Katuru a kan jaki, da babura jere kamar awaki a turke, da talabijin mai ƙofofi, da wani keken ƙarfe mai tafiya bisa dogo wanda har yau ba a san wanda ya kawo shi ba. Masu kayan ma ba su fi shi hankali ba. Tunda ba a ce musu abinsu ya mutu ba, sai suka ɗauka yana kwance ne, mai kwanciya kuwa ai dubiya ake zuwa masa. Ranar Juma'a bayan an sauko sai ka gan su da fura a kwano, wani da lemu a leda, su durƙusa gefen taya su ce, "Ya mai jiki?" Yaya ya ce da sauƙi. Su ce Allah ya ƙara sauƙi, ya shanye furar su tafi.

Wani malamin firamare, Malam Kamalu, shi ya ƙara ɓata lamarin. Ya kawo babur ɗinsa, ya tsaya yana kallon fili baki buɗe, ya ce a ƙasashen waje akwai gidaje da ake tara tsofaffin motoci da injuna, mutum ya kwashi iyalinsa ranar hutu su je kallo. Bai yi mako ba ya dawo da 'yan ajinsa da allo an rubuta Gidan Tarihin Motoci da Injuna. Yaya ya yarda a kafa, amma sai da ya sa aka ƙara a ƙasa: Ana Kan Gyara. Daga nan mutane suka fara zuwa daga Shinkafi da Zurmi, da tabarmi da kuloli, yara na ɗaukar hoto da waya. Shi ke zagayawa da su, yana magana ƙasa-ƙasa. In an zo kusa da tarakta sai ya ɗaga yatsa ya ce a rage murya, yanzu ta samu barci. Wani magidanci ya taɓa cewa "wannan matacciyar fa?" Yaya ya raka shi har bakin titi, shi da matarsa da kulolinsu.

Babbar majinyaciyar gidan ita ce gingimarin Jelani, mai bodin katako, wadda darbejiya ta tsiro ta tsakiyarta har tana yi wa baƙi inuwa. Jelani direba ne mutumin Shinkafi. Da ƙuruciyarsa shi ke kwaso gero da dawa daga Jangeru ya kai kasuwa, ya wuto Kaura da su. Wata rana motar ta yi tari a bakin garejin Yaya ta tsaya, aka ce a bar ta ta kwana. Jelani ya koma gida yana jiran gobe. Ya yi furfura yana jira, yana ta jira har yanar ido ta rufe masa gani.

Ɗansa Abdulrashid, ma'aikaci a Gusau, ni ya fara zuwa wa, don an gaya masa ni ce mai baki a gidanmu. Ya zauna a ƙofar ɗakina kamar zai yi kuka.

"Inna, likita yac ce idon Baba shina buɗewa in anka yi mashi aiki, amma in anka daɗe shi ke nan. Baba ya ƙi tahiya. Yac ce in yat tahi asibiti, wa za ya karɓi mota gobe? Kullum da sahe sai ya sa hularshi ya zamna ƙohwar gida shina jiran saƙo. Yac ce ranar da Baba Maitama yaf faɗi da bakinshi ta mutu, ranar za ya bi ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ya kawo tsohon, ni zan tsaya a kan Yaya ko da za mu raba zumunci.

Suka zo da hantsi cikin bas, da mata da jikoki da kulolin tuwo, an gaya wa tsohon yawon kallon gidan tarihi za a kai yara. Ni na riga na ja Yaya gefe na zazzage masa komai. Ya sunkuyar da kai yana murza sifana, ya ce ya ji. Amma da aka riƙo hannun Jelani aka ɗora a kan ƙofar motar, tsohon ya shafa ta ya ce, "Maitama, ya mai jiki?" sai na ji bakin Yaya ya tafi da kansa: "Da sauƙi, Maigida." Na harare shi har idona ya yi zafi.

Jelani ya ce a hau da shi. Aka ɗaga shi, ya laluba inda zai zauna, ya ji turmi a kife.

"Ina kujerata?"

"Tana shagon aski, Maigida. Zaman banza na ɓata soso."

Ya danna tsakiyar sitiyari, shiru. Yaya ya ce ham yana makarantar Malam Kamalu, da shi ake tashin yara. Fitilu fa? Suna masallacin unguwa. Jikoki suka fara ƙyalƙyala dariya, uwayensu na zungurinsu. Sai tsohon ya ce a sauke shi a buɗe masa gaba ya taɓa inji. Da aka ɗaga murfin, akuya ce ta ɗago kai tana tuƙa, da 'ya'yanta biyu.

Gumi na bin wuyan Yaya. Can ya ce, "Na kai shi shi motsa jini, Maigida. Shina bakin kasuwa, wurin mai niƙa."

Na ɗauka Jelani zai zage shi. Sai kawai ya gyara hula ya ce tunda dubiya aka zo, a kai shi duk inda majinyaciyar take.

Haka muka ɗunguma cikin gari, Yaya a gaba, tsoho a hannun ɗansa, mata da kuloli a ka, masu kallon gidan tarihi na ranar duk suka biyo mu suna zaton yana cikin tsarin. A shagon aski aka tayar da wani bawan Allah da rabin kai, Jelani ya zauna a kujerarsa, ya jijjiga, ya ce har yanzu tana karkata hagu. A makaranta aka danna masa ham, yara suka ɗauka an tashi, suka watse da gudu Malam Kamalu na bin su da ihu. Masallaci a rufe yake, sai aka tsaya daga waje aka yi wa fitilu sallama.

Muna karyo kwanar kasuwa Jelani ya tsaya cak. Mu ba mu ji komai ba sai hayaniya, shi ya ji. Ya saki hannun ɗansa ya nufi rumfar mai niƙa kai tsaye, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, mata masu layin niƙa na janye kwanukansu. Injin yana can a ɗaure kan katako, baƙi ƙirin, yana girgiza rumfar, bel na juyawa, gari na zuba. Ya ɗora tafin hannunsa a kai. Ya daɗe a haka. Ƙafarsa ta hagu tana taka ƙasa a hankali, hannun damansa yana neman giya a iska, gari na sauka a gemunsa. Ni da na zo da niyyar faɗa sai na koma gefe na tsaya ina kallonsa.

"Har yanzu shina wanga tari nashi," in ji shi. Sai ya juya inda yake jin numfashin Yaya. "Maitama."

"Na'am, Maigida."

"Tana tashi?"

Yaya ya buɗe baki, na ga goben ta taho har kan leɓensa. Ya dubi Abdulrashid, ya dubi fararen idanun tsohon. Ya cire hularsa ya matse ta a hannu, hawaye suka wanke masa baƙin mai a kumatu.

"A'a, Maigida. Ba ta tashi. Ta mutu."

Jelani ya gyaɗa kai. "Allah shi yi ma albarka. Na daɗe da sani. Amma ai ba a yi ma majinyaci salla sai likita ya hwaɗi."

Wata tsohuwa a layin niƙa, da ba ta san kan zancen ba, ta ce Allah ya jiƙanta. Sai duk rumfar ta ɗauka, ana ta yi wa Jelani gaisuwa, ana yi wa Yaya, har mai niƙan ya miƙa hannu zai kashe inji don girmamawa. Jelani ya ce kul, ya bar shi ya ƙare aikinsa. Ya roƙi tsohuwar ta sam masa kaɗan daga garin dawar da ke zuba, ta ƙulla masa a leda.

A bakin bas Abdulrashid ya miƙa hannu zai karɓi ƙullin ya sa a baya tare da kuloli. Tsohon ya hana. Ya shiga gaba, gefen direba, ya ɗora shi a cinya ya riƙe da hannu biyu.

"Bar min shi, ni ka kai shi Shinkahi. Lodinmu na ƙarshe na." Da direba ya tada mota sai ya juya wajen ɗansa ya ce, "Wace rana likitan nan naka ka zama?"