Maƙwabcinmu ya zo duba rawuta

Abokina na Bakura ya zuba mini biyar a raga a gem ɗin ƙwallo na intanet, don 'yan wasana sai su ƙame ana tsakiyar gudu. Na buɗe saitin rawuta, na'urar wayfai ɗin gidanmu, sai ga wayoyi goma sha ɗaya a kai. Ashe duk wanda ya shigo gaida Inna, lambar sirri take haɗa mashi da ruwan sha.

Na canza lambar.

Da safe sai ga maƙwabcinmu Baba Sani. Muka gaisa har gona, sannan ya ce, "Ɗana, abin nan naka mun ji shi shiru, na zo dubiya. Ya jikin nashi?"

Na ce da sauƙi, na rubuta mashi sabuwar.

Yau bakwai na sha a gem ɗin. Ku da wane ido za ku hana mai dubiya?