Maganin Ɓeran da Na Kwaɓa a Setapak

Ɓera ne ya jawo mini. A lokacin kullen korona, a benen da nake haya a unguwar Setapak, can ƙasar waje inda nake karatu, ɓeraye suka addabe ni, har takardun karatuna suke ci. Raina ya ɓaci, na kwaɓa maganin ɓera da kifin gwangwani na tura bayan kwandon shara a baranda, kamar yadda muke yi a gida. Ko kusa ban tuna da kyanwar maƙwabciyata ba.

Maƙwabciyar tsohuwa ce mai bin addinin Hindu, Anti nake ce mata. Mijinta yana asibiti an sa masa iskar numfashi, ba a barin kowa ya gan shi. Washegari da hantsi na ji ihunta. Kyanwar ce a sanƙare a bakin ƙofarta, kusa da kwanon madara.

"Madarar ta lalace, ni na kashe ta," take ta faɗa cikin takunkumi. A wurinsu, in ji ta, kashe kyanwa zunubi ne mai bin gidan mutum, sai an kai 'yar siffar kyanwa ta zinariya wurin ibada. Ga wuraren ibada duk a garƙame. Ta ce a kan mijinta abin zai sauka. Ta daina cin abinci.

Kwana uku ina jin kukanta ta bango, wallahi ni ma loma ba ta wuce mini. Matar da ta riƙa rataye mini abinci a ƙofa lokacin da na kwanta ciwo! Tsoro nake ji, tsoron idonta. Kai, ban taɓa raina kaina irin wannan ba.

Ran na huɗu na gan ta tana dafa bango kafin ta ɗaga ƙafa. Na tsaya daga nesa na ce, "Anti, ba madararki ba ce. Ni na sa guba."

Na sunkuyar da kai ina jiran zagi.

"Mahaifiyarka na da rai?"

"Tana Kano."

"Kira ta yanzu. Yanzu!"

Ni Musulmi ne, ban yarda alhakin kyanwa zai tsallaka teku ya sami Inna ba. Amma nan take na zaro wayar na danna lambarta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, Anti na riƙe da ƙyauren ƙofarta, leɓenta na motsi. Sai da ta ji muryar Inna ta yi sallama, sannan ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ce in kawo mata ruwa.