Bencin Baya

Wata tifa ta wuce ɗazu da rugugi, sai marigayi hedimastanmu na Talata Mafara ya faɗo mini a rai.

Lokacin da aikin madatsar Bakolori ya tashi ƙauyuka, tifofi na ta wucewa ta bayan makarantarmu, baƙin yara suka cika ajina, kuma suka faɗi jarrabawa. Na tabbata korata za a yi. Sai hedimastan ya shigo ajin da ƙanshin goronsa, ya matse a bencin baya, gwiwoyinsa na ƙara.

Da aka tashi ya ce, "Malam, 'yan gaba sun ce darasinka da daɗi. Mu nan baya tifofi munka saurara. Koma tsakiyar aji ka gwada, ka duba wa zai ɗaga hannu."

Wasu sun ɗaga. Waɗanda ba su ɗaga ba har yau suna hana ni sukuni.

Allah Ya haskaka kabarinsa, su kuma Ya sa sun sami malamin da ya fi ni.