Ranar da Ghali ya cire takalmi a ƙofar birona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe jikata ta miƙo mini waya: Malam Ghali ya rasu a Dabaga.

Yawancinku ba ku san shi ba, ku bari in faɗa muku.

Zamanin Shugaba Diori, kamfaninmu na asurans, wato inshora, yana da ɗan biro, ofis ke nan, a nan Agadez. Da Bature direkta zai koma gida, kowa ya san kujera ta Ghali ce. Shekara goma sha biyu yana wurin. In kamyo, babbar motar kaya, ya faɗi a hanyar Aderbissinat, shi ke zuwa ya gani da idonsa. Ni ko wata huɗu ban cika ba, shi ya koya mini cika takarda, shi ya samo mini ɗaki.

Sai waya ta zo daga Yamai da sunana, ni aka ba kujerar. Wai ni ke da takardar lakkol, ta makarantar boko.

Wallahi ban je gidansa na gaishe shi ba. Tsoro da girman kai suka hana ni.

Washegari masu kamyo suka cika biro maƙil. Wani Alhaji ya nuna ni da baki ya ce, "Wannan ne zai duba mana mota? A ba mu takardunmu mu tafi." Ma'aikata duk idonsu na kan ƙofa, hatimin kamfani kuma yana aljihun Ghali. In ya zo ya juya ya tafi, duk za su bi shi, ni kuma tawa ta ƙare.

Ghali ya iso ƙofa. Ya tsaya.

Sai ya sunkuya ya cire takalmi, yadda ake yi wa babba, ya shigo ya sa mini hatimi a hannu da hannu biyu, ya kira ni da Faransanci yadda muke kiran Baturen: "Mushe direkta, ga kayan aikinka." Ya juya ya ce, "Alhaji, wanda ya yarda da ni ya zauna."

Duk suka zauna.

Shekara tara muka ƙara tare, bai taɓa tada maganar ba. Ni ma ban taɓa cewa na gode ba. Kai, ɗan Adam!

Bara na je lambunsa musamman don in nemi gafara. Na ce, "Yaya Ghali, akwai magana." Ya ɓare rumman ya miƙo mini. "Ci tukuna, Mushe, ka sha hanya." Na ci, muka yi hirar ruwa da rijiya, ban nemi gafarar ba. Na ce masa maganar sai bayan Salla.

Salla biyu ta wuce ban koma ba.

Allah ka jiƙan Ghali, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi matsayin da ba mai ƙwace masa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da ni, Allah ya sa ya yafe mini.